Helikwaftan Yaya

A layin masu gyaran waya Injiniya ake ce masa, shi ma bai taɓa cewa a daina ba. Wansa, tsohon direban babbar mota, ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa motsa yatsunsa. Sai 'yarsa ta sayo masa ɗan helikwaftan wasa mai rimot. Kullum da la'asar Yaya zai zauna a tsakar gida ya tashe shi, ya kewaya igiyar shanya, ya sauke shi a kan murfin durom. Wata uku ya yi kafin ya iya wannan saukar.

Injiniya ya zo gaisuwa, ya jujjuya jirgin, ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ai duk roba ce. Ba ni shi kwana uku ka ga aiki."

"Yana tashi lafiya fa."

"Ai ba ka ga tashi ba tukuna."

A shago ya cire ƙafafun roba ya sa na ƙarfe. Ya sauya batir da wanda ya ninka shi, ya liƙa ƙaramar kyamara a ƙarƙashin hanci, ya jera fitilu a wutsiya. Kowanne idan ya ɗora a tafin hannu sai ya ji kamar ba komai. Bai gwada ba, don rimot na gidan Yaya.

Ranar da ya mayar da shi har da abokansa biyu ya gayyato. Yaya ya tura sandar rimot da babban yatsa. Farfela ta yi ƙara, jirgin ya ɗaga bai kai taƙi ba, ya rinjaya gaba, ya ja hanci a siminti. Ya sake, haka. A na uku warin ƙonewa ya tashi.

Yaya ya ajiye rimot a cinya yana murza yatsunsa.

"Kwana uku kawai na huta, ga shi hannun ya koma jiya," ya faɗa a hankali.

Injiniya ya san ba hannun ba ne. Amma abokansa na tsaye, sai ya yi shiru yana kallon takalminsa. Matar Yaya ta juya ta shige ɗaki.

'Yar ce ta ɗauko sikelin kicin ta ɗora jirgin, ta duba kwalinsa.

"Baffa, a nan an rubuta giram tamanin. Yanzu ɗari da talatin da biyar ne."

Injiniya ya durƙusa gaban kujerar wansa.

"Yaya, hannunka lafiyarsa lau. Ni na jibga masa kaya. Tun tashin farko na gane, na ƙi faɗa."

Yaya ya dube shi.

"Jirgin ba komai. Shirun nan naka ne ya fi min ciwo."

Abokan suka sulale ba sallama. Injin jirgin ya ƙone, sai da aka yi mako biyu kafin sabo ya iso. Injiniya ya tono ƙafafun robar daga kwandon sharar shago, ya mayar da komai yadda yake. Ya kai har ƙofar gidan, ya kasa shiga, ya miƙa wa 'yar ya ce ta gaida Yaya.