Filtar da Auta Ta Sayo

Tun daga ƙofar gareji Yaya ya gane akwai magana. Auta ta faka ƙaramar bas ɗin da take kai yara makaranta da ita, ta fito da leda a bayanta kamar wadda ta yi sata.

Ita ce ƙanwarsa ta ƙarshe. Tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta, bas ɗin nan ce ke riƙe da gidan, kuma duk juyen baƙin mai Yaya ne ke yi mata.

"Me kike ɓoyewa?"

"Filtar mai ce, Yaya. Don Allah kar ka yi faɗa. Wadda kake sa ni saya ta ninka kuɗi. Wannan biyu aka ba ni a kuɗin ɗaya."

"Araha ba ta ado" ta zo masa har baki, ya haɗiye. Ya ga idanunta sun faɗa, gefen takalminta ya cinye.

"Kawo. Gani ya kori ji."

Ya auna ɗaya a tafin hannu, ya ji nauyinta. Ya matsa robar bakin da farce, ta lotsa ta dawo. Ya leƙa haƙoran ɗaurin, babu wanda ya karkace. Sannan ya ɗauko zarto.

"Yaya! Yanka ta za ka yi?"

"Gara a yi asarar filta da a yi asarar inji. Yaran mutane kike ɗauka."

Ya feɗe gwangwanin. Takardar ciki ta fito ninki-ninki, a matse, mannin bai saki ba. Ya ja ta, ta ƙi yagewa. Sifirin ɗin ma ya danna, ya dawo da ƙarfinsa.

"Ba laifi," ya ce a hankali. "Amma tsaya ki ga ta ƙwarai, ki san bambanci."

Ya shiga ƙarƙashin bas, ya kwance tsohuwar, mai tsadar nan da shi da kansa ya ce ta riƙa saya. Ya tsiyaye man, ya sa mata zarto. Takardar ciki ta lanƙwashe gefe ɗaya, ta yage, ninkin bai kai rabin na waccan ba. Kwali da tambari ne kawai na gaske.

Yaya ya jujjuya ta, mai yana ɗiga daga yatsunsa. Jabu ce. Shekara biyu yana tura masu motoci shagon da ke sayar da ita, yana cewa ya tsaya musu.

"Injina ya lalace?" in ji Auta.

Ya murza tsohon man tsakanin yatsu, babu ɓurɓushin ƙarfe. Ya ɗaura sabuwar da ta rage, ya zuba mai, ya tayar da inji, ya kasa kunne ya daɗe. Babu yoyo, babu ƙara.

"Allah ya rufa asiri. Ki dawo da wuri mu sake dubawa, kar ki jira lokacin juye."

"Ashe ni ce makanikiyar gidanmu."

"Wuce, kar a tashi yara ba ki je ba."

Da ta tafi, ya goge hannunsa da tsumma, ya zauna kan tsohuwar taya, ya ciro waya. Ya fara da kiran wani mai tasi da ya yi wa juye jiya.

"Ka kawo motar yau, maigida. A'a, ba ka yi komai ba. Ni ne na yi kuskure."