Shaidar da Ba a Kira Ba

Tun kafin Muhibbat ta tura ƙofar ƙaramin ɗakin, warin ya tarye ta. Wari ne irin na tsohuwar rijiya, ya kama labule, ya kama kayan sawa, har a abinci take jin sa. Kafet ɗin yana jingine a kusurwa, a naɗe cikin leda, ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Daga ɗakin kwana tana jiyo tarin mijinta, Abdulhadi.

"Baban Luba, don girman Allah ka bari a fitar da abin nan. Likita ya ce huhunka ba zai ɗauka ba."

"Evidence ne, Muhibbat, shaida ce," ya ce da tarin ya sake shi. "Lauya ta ce kada a zubar da komai."

Shekarun baya ne aka yi wani ruwan sama a unguwarsu Camberwell, can ƙasar Turawa, kamar an ɓalle bakin kogi. Su da ke zaune a flat ɗin ƙasa, ruwan ya gangaro musu ta matattakala har gwiwa. Bayan nan wata ƙungiya ta tattara mutanen layin, aka maka wani babban kamfanin wutar lantarki a kotu, a kan cewa hayaƙin da ya daɗe yana turawa sama yana cikin abin da ya rikita yanayi. Maƙwabta kowa ya ɗauki hoton kayansa ya zubar. Ban da Abdulhadi. Tsohon ɗan jarida ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan rediyo yana ba mutanen gida labarin adalcin Turawa, har shi ma ya hau ya zauna. Cewa yake hoto ana iya musa shi, amma wari ba mai musawa, ranar da aka shimfiɗa kafet ɗin nan a gaban alƙali shari'a ta ƙare.

Muhibbat ta gaji. Ta gaji da gardama, ta gaji da turaren wutar da take ƙonawa a banza, ta gaji da kunyar baƙi. 'Yarsu Luba ma ta daina kawo jikoki.

* * *

Ranar yanke hukunci Abdulhadi yana kwance a asibiti, an sa masa abin shaƙar iska. Ita ya tura, ya ce ta zauna a gaba, ta riƙe masa kowace kalma.

Ta zauna a gaban. Lauyoyi suka yi ta miƙewa suna zama, kowa da ladabinsa kamar masu gaisuwar surukai. Tana jin Turanci sarai, amma ta kasa kunne har ta gaji, ba ta ji wanda ya ambaci ruwa ba, balle tari. Da alƙalin ya tashi, ta bi lauyarsu Zarah waje. Yarinya ce haihuwar ƙasar, a unguwar Tottenham, mai kirki, idanunta sun faɗa don aiki.

"Anti, I'm so sorry. An yi strike out."

"Ki yi mini da Hausa, 'yar nan."

"An kori ƙarar. Ya ce ba hurumin kotu ba ne. Yawan hayaƙin da kamfani zai fitar, Parliament, wato majalisa, da gwamnati ne ke tsarawa. In ya sa baki, ya shiga aikin da tsarin mulki bai ba shi ba."

"To, mu tafi Parliament ɗin mana."

"Su kuma cewa za su yi sun riga sun yi doka, kuma kamfanin yana da licence ɗinsa."

Muhibbat ta jinjina kai. Wato kowa yana da gaskiya, ruwan ne kawai ya yi rashin kunya.

"Yaushe za a kawo kafet ɗin?"

Zarah ta ɗago daga wayarta. "Wane kafet, Anti?"

* * *

Ko mayafi ba ta cire ba da ta isa gida. Ta kama kafet ɗin ta ja, hawa ɗaya ta huta, hawa ɗaya ta huta, ledar ta yage, baƙin ruwa ya ɓata mata zane. Ta yasar da shi a gefen titi, ta buɗe tagogi duka, ta wanke hannu, ta kama hanyar asibiti.

Ta gaya masa hukuncin kamar yadda aka gaya mata. Ya daɗe yana kallon silin, ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar. Ta zaci zai yi kuka, har ta fara neman abin da za ta ce masa. Sai ya janye abin iskar daga bakinsa.

"Daidai ne," ya ce. "Alƙalin ya san aikinsa. Akwai appeal, za mu ɗaukaka ƙara. A can sama za su nemi evidence." Ya kamo hannunta. "Ki kula mini da shi, kada damp, danshin nan, ya ƙara cin sa."

Tausayinsa da haushinsa suka kama ta lokaci ɗaya. Ta mayar masa da abin iskar, ta gyara masa bargo.

"Yana nan, Baban Luba."

Da la'asar ta sauka daga bas ana yayyafi. Tun daga nesa ta hango wani ma'aikacin council, hukumar unguwa, da rigarsa mai ƙyalli, ya tsuguna a kan kafet ɗin. Ya sa safar hannu ya ɗaga gefensa, ya toshe hanci, ya ɗauki hoto ta nan, ya zagaya ya ɗauka ta can. Tunda ruwan ya shiga gidansu, ba wani ɗan hukuma da ya taɓa duban sa da kyau haka.

"Madam, na wane ne wannan? Laifi ne zubar da kaya a titi."

Muhibbat ta dubi kafet ɗin, ruwa yana sauka a kansa.

"Ban sani ba," ta ce. Ta gangara matattakala a hankali, tana dafa bango.