Jan Zare da Koren Zare

Dakta ta ture takardar gefe da ɗan yatsa, ta tambayi ɗalibarta wa ya gani ban da ita.

Ɗalibar ta ce babu kowa. Sau uku ta maimaita gwajin, in ji ta, sau uku na'urar ta faɗi magana ɗaya. Yarinya ce mai naci, har 'yan sashen sun laƙaba mata Uwar Tambaya, kuma Dakta ta daɗe tana alfahari da ita. Yau kam kallonta take tana tunanin wa ya turo ta.

Abin da takardar ta ƙunsa ba ƙarami ba ne. Shekara ashirin da biyar ke nan da Farfesa, malamin Dakta, ya raba zuri'ar ƙuda ɗaya gida biyu, irin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ya zuba su a akwatin zafi, gida ɗaya kwalabensa da jan zare a wuya, ɗayan da kore, ba a yarda su haɗu ba ko da wasa. Duk mako biyu ake juye 'ya'yansu a sababbin kwalabe. Da shekaru suka ja, sai aka tarar duk gidajen biyu sun iya jure zafi, kuma sauyi iri ɗaya ne ya faru a ƙwayar gadonsu, kowane gida da kansa. Wannan shi ya ɗaga sunan Farfesa. Aka sa maganar a littattafan karatu, ɗalibansa suka watsu a jami'o'i suna koyar da ita, jikokin ƙudajen ma sun shiga jirgi sun je ƙasashen da Dakta ba ta taɓa takawa ba. Maƙalar da ta bayyana abin kuwa, sunan Dakta ne a farkonta, domin al'adar Farfesa ce ɗalibi a gaba, shi a can ƙarshe.

To ga shi sabuwar na'ura ta karanta gadon ƙudajen tiryan-tiryan, ta nuna ba sauyin kaɗai ne iri ɗaya ba, har tarkacen da ke kewaye da shi. Ɗalibai biyu suna iya ba da amsa ɗaya, amma idan har kuskuren rubutunsu ya zo ɗaya, wani ya leƙa takardar wani. Jajayen ne suka samu sauyin, korayen gado suka yi. Wato wani ya haɗa gidajen biyu.

Kuma gobe ne taron girmama Farfesa, Dakta ce mai babban jawabi, takardunta na neman zama farfesa kuma suna kan teburin Shugaban Sashe, mutumin da bai taɓa yi mata dariya har ciki ba.

Shi ta fara zargi. Ta tambayi Uwar Tambaya ko ya kira ta ofishinsa kwanan nan, ko ya yi mata alkawarin wani abu. Idon yarinyar ya ciko. Ta ce in Dakta ba ta yarda da ita ba, ai ga firiza nan, duk bayan juyi goma ana daskarar da ƙudajen wannan zubin a ajiye. Ta ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, zubi na ɗari da hamsin lafiya lau yake, na ɗari da sittin a gauraye. Lokacin nan ita ko yaye ta ba a gama ba.

Dakta ta ji kunya, amma ba ta nuna ba. Ta ce kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, sannan ta nufi ɗakin ƙudaje.

Ɗakin yana nan da warinsa na tsami da ɗumi. Baban Kwalabe, tsohon ma'aikacin da ke dafa abincin ƙudajen tun ranar farko, yana tsaye bakin famfo yana wanke-wanke. Shi ya ƙirƙiro ɗaura zaren, don laimar akwatin zafi tana ɓantare takarda tana goge tawada. Dakta ta tsaya tana kallon hannunsa, tana tuna rawar da hannun ya fara yi bana. Ta tambaye shi, murya a sanyaye kamar hira, ko ya taɓa yin kuskure a juyi ya yi shiru. Ai ka'idar aikin ita ce a tattara kwalaben gida ɗaya a babban tulun gilashi, a gauraya, a sake rabawa. Kwalba ɗaya tak in ta ɓata hanya, an gama.

Tsohon ya kashe famfo, ya goge hannu a hankali. Ya hau kujera ya sauko da littafin juyi na waccan shekarar, ya dire mata.

Juyi goma ne tsakanin zubin biyu. Tara rubutunta ne, da sa hannunta na ƙuruciya mai jela. Ta bi su layi-layi tana neman inda hannunta ya yi gaggawa. Na shidan kuwa wani rubutu ne daban, ƙanana a tsaye, wanda ta sani kamar tafin hannunta saboda ya sha yi mata ɓarin jan biro a gefen takarda.

"Makon da kika haihu ne, Dakta," in ji Baban Kwalabe. "Ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni. Malam ya ce kada a kira kowa, shi zai yi."

Ya ƙara da cewa mai shara ta ba shi labari daga baya, Malam ya kulle ƙofa ta ciki, aikin awa ɗaya ya kai shi tun hantsi har la'asar.

Farfesan da bai taɓa taɓa kwalba ba. Kullum yana ofis da alƙalami, yana cewa hannunsa na lissafi ne. Rana ɗaya ya shiga, shi kaɗai, ya kulle ƙofa, bayan shekara biyu kuma ga sakamakon da duniya ta tafa masa.

A motar haya zuwa gidan Farfesa, Dakta ta zauna a takure tsakanin wata mai kwando da wani mai waya a kunne, tana ta kwance tsofaffin alherai tana duba ƙasansu. Kuɗin karatun da ya nemo mata. Yadda ya hana ta tafiya waje, ya ce ɗakin nan yana buƙatarta. Sai kuma al'adar nan ta suna da ake yabonsa a kai a kowane taro. Ashe wayo ne? Ɗalibi a gaba, in ruwa ya ɓalle shi zai fara ci. Ta ji zuciyarta na tafasa, ta kuma ji tsoro, don tana son tsohon nan kamar uban da ya haife ta.

Mama, matar Farfesa, ce ta buɗe mata. Ta yi mata tsiya cewa sai ana gobe biki ake ganin 'yan boko, ta tambayi maigida da yaron, ta ja ta falo. Farfesa yana ciki yana sa riga, tun da ya yi jinya komai nasa a hankali yake. Mama ta koma kan abin da take yi: kwalaben magani biyu a faranti, ɗaya jan murfi ɗaya kore, tana manna musu takarda tana rubuta SAFE da YAMMA da manyan baƙaƙe.

Dakta ta ce ai murafun sun bambanta, me ya kai ta wannan wahala.

Mama ta waiga ƙofar ɗaki, ta rage murya tana dariya. "Ke ma har yau ba ki gano shi ba? Malaminku ja da kore duk ɗaya ne a wurinsa. Tun muna amarci ni ke fitar masa da kaya. Ya ce in na faɗa a makaranta sai ya sake ni, wai mai koyar da gado a ce shi ma ya gado."

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta tuna mutumin nan bai taɓa tuƙa mota ba. Ta tuna yadda yake shiga ɗakin ƙudaje ya harɗe hannu a baya, ya ce wa ɗalibi miƙo mini jajayen. Ta hango shi shi kaɗai a ɗakin nan mai ɗumi, ƙofa a kulle, yana ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya wajen hasken taga tun hantsi har la'asar, don kada a taso mai jego.

Ya fito da sandarsa, ya rame, amma idon nan yana nan da kaifinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi ɗanta, ya ce yanzu ai ya kai sha tara, shi ba ya manta shekarun yaron nan, don makon haihuwarsa ne kaɗai ya taɓa aikin hannu a rayuwarsa. Ya faɗi haka yana murmushi irin na mai alfahari.

Tana iya yin shiru. Yarinya ɗaya ce ta sani, kuma a hannunta take. Ta yi jawabinta gobe, a tafa, Shugaban Sashe ya sa hannu ko yana so ko ba ya so. Ta daɗe tana kallon jakarta, sannan ta zaro takardar Uwar Tambaya da littafin juyi, ta buɗe shafin, ta ɗora masa a cinya.

Ya sa tabarau. Ya karanta takardar sau biyu, yana bin lambobin da yatsa. Ya dubi rubutun kansa a littafin, ya dubi farantin maganin da ke gaban matarsa. Mama ta daina rubutu.

"Sau nawa ta maimaita?"

"Uku, Malam."

"Yarinyar ta iya aiki." Ya cire tabarau ya riƙe. "Na yi zaton na rarrabe su. Ɗaya ya fi ɗaya duhu kaɗan, da haka na bi."

Dakta ta ce ana iya bari sai bayan taro. Ya girgiza kai. Ya ce ta zauna ta ɗauko biro, yau za su rubuta wa mujallar da ta buga aikin su janye maƙalar, gobe kuma ita za ta karanta wasiƙar a gaban mutane. Ta ɗora takarda a gwiwa, hannunta ya fara rubuta sunanta a sama kamar yadda ya saba.

"A'a," in ji shi. "Wannan karon nawa za ki sa a farko."