Ɗan Rakiyar Malama

A fasfon Abdulmaujud akwai wani hatimi da ya tsana, wanda ya ce shi ɗan rakiya ne, ba a yarda ya yi aiki ba. Matarsa Nagat aka ɗauko daga Masar don ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata a Saham, wani garin bakin teku arewa da Maskat, kuma da yake danginta sun rantse ba za ta zauna ƙasar mutane ita kaɗai ba, sai aka haɗo ta da shi. Mutumin da ya shekara goma sha shida yana akawu a garinsu Zagazig, ana miƙa masa takarda da hannu biyu, sai ga shi a ɗaki biyu da fanka yana jiran ƙarfe biyu ta yi matarsa ta dawo.

Da farko barci ya riƙa yi. Daga baya ya gano kasuwa, kuma daga ranar ya samu abin yi.

Albashin Nagat a bakin 'yan uwa na gida dukiya ce, amma a Saham ba ya kai ko'ina. Tukunyar gas ta ci nata, motar ruwa ta ci nata, katin wayar da ake kiran yara da shi ranar Juma'a ya ƙare tun babban ɗansu Medhat bai gama gaisuwa ba. Tumatir kuwa, wanda a Zagazig ake zuba wa mutum gyara har ya ce ya isa, nan sai a jera shi a kwali ɗaya bayan ɗaya, a faɗi kuɗinsa ba ko kunya. Abin da ya rage shi ake turawa gida, ana ɗora bulo a kan benen mahaifiyar Nagat, inda yaran suke. Saboda haka duk baisa ɗari, ɗan canjin riyal, da Abdulmaujud ya ƙwato a kasuwa, a wurinsa albashi ce, da guminsa ya same ta.

Kuma ya iya, ko dai haka kowa ya ɗauka. Yakan aske gemu da sassafe, ya goge riga, ya rataya kwando. Ya san yadda ake ɗaga kunnen kifi a yamutsa fuska ko da kifin yana motsi. Ya san a juya baya a yi taku goma, a na bakwai mai kaya zai kira. Da la'asar, idan sauran mazan malamai sun taru shan shayi a ƙofar gidansa, shi ke da bakin magana.

"Ita tana samo kuɗin, ni ina hana shi gudu," yakan ce. "Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya fi wani wahala?"

Su yi dariya, don kowannensu yana buƙatar jin haka.

A shekara ta huɗu aka kawo sabuwar malamar Turanci, ita ma da nata ɗan rakiyar, wani siririn mutum mai suna Subhi wanda ya bar kantin magani a Ɗanɗa ta Masar ya biyo ta. Kunya ta hana shi fita. Ranar da ya fita kuwa ya sayo kilon albasa a kuɗin da aka fara faɗa masa, labari ya zaga gidajen malamai kafin azahar. Abdulmaujud ya ji tausayinsa ƙwarai, ya kuma ji daɗi, don ya daɗe yana son ɗalibi.

"Gobe ka shirya, Ustaz Subhi. Zan kai ka makaranta ta gaskiya, ba irin ta matanmu ba."

Ba a dace da rana ba. Kwana uku iska tana kaɗawa daga teku, jiragen kamun kifi kaɗan suka fita, waɗanda suka fita ma suka dawo kusan wayam. Kasuwar kifi ta yi tsit, tebura rabi babu kowa, sai ƙudaje da ƙarni. Mai hankali da ya ga haka ya sayi ƙwai ya koma gida. Amma Abdulmaujud ya riga ya cika baki tun a hanya, don haka ya ja Subhi kai tsaye zuwa teburin Halfan.

Halfan dattijo ne, baƙi, gajere, da hula mai aiki da wuƙar da ta tsufa a hannunsa. Shekara huɗu suna wannan wasa, kullum sai ya dafe ƙirji ya ce Bamisire ya kashe shi, sannan ya naɗe kifin a jarida. Yau kifi uku ne kawai a gabansa, idanunsa jajir.

"Salamu alaikum, Hajji Halfan. Yaya iyali, yaya teku?"

"Teku ga ta nan kana gani, Ustaz."

Kowa a kasuwar Ustaz yake ce masa, shi da bai taɓa riƙe alli ba. Ya ɗaga kunnen babban kifin, ya yamutsa fuska, ya ɗan taɓa Subhi da gwiwar hannu don ya lura.

"Wannan marigayin nawa?"

"Riyal huɗu."

"Huɗu! Ka ji tsoron Allah, Hajji. Da zinare ka yi kiwonsa? Ɗaya da rabi, shi ma don muna tare."

"Yau ba ranar wasa ba ce, Ustaz. Huɗu."

Abdulmaujud ya yi murmushi, ya juya baya, ya raɗa wa Subhi ya ƙirga. Suka yi taku bakwai, ba a kira ba. Suka yi goma. Suka kai har bakin ƙofa inda ake sayar da ƙanƙara, babu wanda ya ce uffan. Subhi ya dube shi, kallon ɗalibi mai jiran bayani, kuma wannan kallon ne ya mayar da shi. Ya dawo da ƙarfinsa, murya sama, yadda teburan kusa za su ji.

"Haba Halfan, don ka ga na zo da baƙo? Shekara huɗu ina karya ka a wurin nan, yau ne za ka yi mini taurin kai? Biyu, kuma ban ƙara ko baisa."

Dattijon ya ajiye wuƙar a hankali. Ya goge hannu a zanen da ke ƙugunsa.

"Kana karya ni?"

"Kowa ya sani."

"To bari in faɗa maka abin da kowa ya sani, Ustaz, tunda ka tara mini jama'a. 'Ya'yana mata uku sun bi ta hannun malama, matarka. Babbar da ko ƙidaya ba ta iya ba, yau tana karatun jinya a Maskat. Na aika wa malama kifi ta dawo da shi, na aika dabino ta dawo da shi. Sai na ce to, ga mijinta nan, bawan Allah, ba shi da aikin yi sai yawon kasuwa. A bar shi ya yi surutunsa, a rage masa. Ni na faɗa wa mai kankana, ni na faɗa wa Ba'indiyen da ke ba ka tumatir, duk layin nan an sani. Abin da nake rage maka da niyyar sadaka nake yi, Allah ne shaida. Yau raga biyu teku ta cinye mini. Ba ni da abin sadaka."

Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Mai teburin gefe ya sunkuyar da kai yana kankare sikeli da ba shi da datti. Subhi ya ƙura wa takalminsa ido.

Abdulmaujud ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro riyal huɗu, kuɗin cefanen kwana biyu, ya ajiye a kan teburin. Halfan ya dubi kuɗin, fuskarsa ta sauya, amma sai ya naɗe kifin ya miƙa.

A hanya Subhi ya yi ƙoƙari. "Tsohon nan ransa ne a ɓace, Ustaz. Mutum idan ya yi asara, komai ma faɗa yake."

"Je ka gida, Subhi."

Ya wanke kifin, ya yanka, ya sa gishiri da tafarnuwa, ya soya, duk hannunsa ne ke yi. A ransa yana bin teburan kasuwar ɗaya bayan ɗaya, yana tuna yadda kowa ke saurin sallama masa, yadda suke murmushi idan ya juya baya. Shi da yake ganin tsoronsa suke ji. Ya tuna yawan shayin da ya sha yana koya wa maza dabarar ciniki, sai ya ji kunya ta rufe shi har ya zauna a kan tukunyar gas.

Ƙarfe biyu da kwata Nagat ta shigo, ƙurar alli a hannun abayarta, ƙafafunta a kumbure. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shinshina.

"Kai, yau kifi ne? A wannan iskar?"

Bai jira ta zauna ba. Ya faɗa mata duka, yana tsaye da cokali a hannu, bai rage kalma ɗaya daga maganar Halfan ba. Yana jiran ta fusata, ta ce gobe za ta je ta ga tsohon, ko ta ce ƙarya yake. Sai ta zauna a bakin kujera ta shiga murza idon sawunta.

"Na sani, Abu Medhat."

"Kin san me?"

"Tun shekarar farko. 'Yarsa ta tsakiya ce ta faɗa mini, ita a ganinta abin alheri take ba ni labari. Sau biyu na aika masa da cikon kuɗin, ya rantse ba zai karɓa ba."

"Kika bar ni? Shekara huɗu ina tsayawa gaban maza ina cika baki, kina ji daga ɗaki, kika bar ni?"

Ta ɗago. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai a fuskarta.

"Ina ganin kana tashi da safe kana aske gemu, kana goge riga, kana dawowa da labari. Ni na kawo ka ƙasar nan, Abu Medhat. Da na faɗa maka, me zan ba ka a madadinsa?"

Man da ke kasko ya fara hayaƙi, ya je ya kashe wutar. Da ya dawo ya tarar ta ciro wata takarda daga jakarta ta ɗora a gwiwa, tana ta shafa ta da tafin hannu. Takardar da suka yi wata uku suna addu'a a kanta ce. An sabunta mata kwantiragi, shekara biyu.

"Barka," ya ce.

"Barkanmu."

Suka ci kifin. Da ta kwashe kwanuka, daga wurin wanke-wanke ta ce albasa ta ƙare, shinkafar ma ba za ta kai jibi ba. Ya ce ya gani. Babu wanda ya tambayi wa zai je kasuwa.