Zugazugin Inuwa a Cikin Ruhewa

Laifin da zan faɗa shi ne tsoron bakin mutane, irin wanda ke sa namiji ya cuci jininsa don kada a yi zancensa a gindin itacen bedi. Maiguwa na Tama ya yi shi.

Maiguwa manomi ne, babban gida, mai sallah a kan lokaci. Ƙanensa Inuwa anka ɗauka soja, ya tahi yaƙin Faransi da Jamus. Shekarar da anka sallami sojoji ya komo ba idanu. Abin da ya riƙo a ƙirji wani akwatin kiɗa ne da abokinsa ya bar masa kafin ya rasu. Akordiyo sunansa, amma mutanen Tama sunka ce zugazugi, don ana ja ana matsawa kamar na maƙera. Gefe guda yana da haƙora farare da baƙaƙe, kowane da muryarsa.

Inuwa bai iya shi ba. Da fari zama yake yi a zaure kamar kututture, ko fura sai an matsa masa. Matarsa Biba ce ta ɗora masa abin a cinya wata hantsi, ta ce tun da ya wahala ya ɗauko shi daga bayan teku, sai ya sa shi magana. Ya taɓa, abin ya yi kukan jaki. Biba ta yi dariya har ta zauna ƙasa, shi ma ya yi. Tun komowarsa ranar anka fara ganin haƙoransa.

Wahalarsa ita ce yatsu na ɓata hanya, haƙoran duk santsi ɗaya. Biba ta je ta ɓamɓaro ƙaro, ta jiƙa, ta ɗiga a kan haƙorin da ake farawa da shi, ta ɗiga biyu a kan wanda ake sauka. Da ya bushe sai ya zama ƙurji, yatsa na jinsa. Tana sussuka tana yi masa waƙar niƙa ta marigayiya uwar su Inuwa, wadda ta koya a bakin tsohuwar tun tana amarya, shi kuwa yana lalube yana bi.

"Soje, ka zarce. Koma kan ƙurji guda."

"Ke kin hi sarjan ɗinmu tsanani."

"Sarjan bai dama maka hura."

A hankali rabin waƙar ya fito. Sun shirya ba za su bari Maiguwa ya ji ta ba sai ta cika, don shi ne ɗan fari, shi ya fi daɗewa yana jinta a bayan uwar. In sun ji tafiyarsa sai su koma kukan jaki.

Shi kuwa Maiguwa abin da ke shiga kunnensa daban ne. A majalisa wani ya tambaye shi ko gidansu ya koma gidan makaɗa, wani ya ce in an tashi biki a aiko musu da goro. Wasa ne, amma ya kwana masa a ciki. Bai ce wa ƙanensa komai ba. Ranar da za a liƙe babbar ruhewa, wato rumbun laka, bayan kaka, Biba ta ja mijinta zuwa gaisuwar mutuwa a Allakaye, sai Maiguwa ya ɗauki akwatin ya tura tsakanin dammunan gero, ya sa anka shafe bakin da laka. Kun san ruhewa in an liƙe ta ba mai fasawa sai ruwan shuka ya sauka, kuma ba mai fasawa sai maigida. A ganinsa ajiya ya yi, kafin damina zancen ya mutu. Da sunka komo ya ce wataƙila wani baƙo ne ya yi gaba da shi.

Inuwa bai yi faɗa ba. Ya koma zaman zaure. Biba ba ta yarda ba. Ta samo faskaren itace ta goge shi, ta ɗiga masa ƙaro daidai inda na akwatin suke. Duk rani makahon nan yana danna busasshen itace, ita tana yi masa muryar da baki ƙasa-ƙasa don kada Maiguwa ya ji. A kan itacen ya ƙarasa waƙar, Maiguwa na wucewa yana kau da kai.

Ruwa ya sauka, anka fasa ruhewa don ɗebo iri. Ayuba maƙwabci ne ya shiga, ya miƙo akwatin gaban kowa. Ɓeraye sun cinye fatar tsakiya, sun yi sheƙa a ciki. Biba ta sa shi a hannun mijinta. Ya shafa haƙoran, ƙaron na nan. Ya ja, iska ta fita ba murya. Sai ya juya wajen Maiguwa.

"Yaya, waƙar Inna ce. Kai munka ɓoye ma ita, sai ta cika."

Maiguwa ya ɗauki iri ya nufi gona.

Bayan shuka Biba ta ɗaura akwatin a baya kamar goyo, ta riƙe sandan mijinta, sunka nufi Madawa wurin wani baduku mai suna Bilal. Ya ɗinka masa sabuwar fata ta jar akuya. Muryar ta komo da ɗan shaƙewa, kamar ta tsohuwa. Can sunka zauna. Masu zuwa kasuwa na komowa suna cewa akwai makaho mai wata waƙa da ke tsai da mata da tulu a ka. Inuwa ya aiko sau da yawa a ce Yaya ya zo ya ji. Kunya ta hana Maiguwa zuwa, kuma waɗanda ya ji tsoron bakinsu yanzu zancen ruhewa suke yi.

Ga abin da Maiguwa ya rasa. Ya rasa ƙane mai gaishe shi kowace safiya. Ya rasa hannun Biba a gona da furarta a zaure. Ya rasa sunan da ya so ya tsare. Waƙar uwarsa kuma, wadda anka yi rani guda ana shirya masa, baƙi sun ji ta a kasuwar Madawa, shi har ya mutu bai ji ba.