Kumbon da Aka Shanya a Kan Soro

Ikrima tela ne, kuma da hannun tela ya gina kumbonsa. Ya taɓa ganin irinsa a wani fim a waya, jirgin da ke kwashe gari guda ya kai shi wata duniya. Sai ya ce nasa zai fi wancan tsari, domin wancan ba a yi masa gona ba.

Ya fara zana shi da alli a takardar siminti, kamar yadda yake fitar da riga. Haƙarƙarin ya yi shi da kwalin taliya, ya manne da sitacin rogo da ƙaro. Fatar waje kuwa ledar madara ce mai ƙyalli, wadda abokinsa Sabiru mai shayi yake tara masa. Tsawon kumbon ya kai kamu biyu, fukafukansa sun lanƙwashe kamar lauje, a hancinsa akwai ɗan jan ƙwan fitila da batirin rediyo.

Yayarsa Hure ba ta gajiya da yi masa tsiya.

"Malam matuƙi, in za ku tashi a ajiye mini kujerar taga."

"Kujerarki na nan, Yaya. Kusa da murhu."

Ranar da ya rufe saman, ya hau soro ya shanya shi tsakanin barkono da kuɓewa, inda kowa ke shanya, don sitacin ya bushe. Ya kunna ƙwan ya gwada, ya manta bai kashe ba, ya koma shago.

A lokacin ƙauyen ba ya cikin natsuwa. Ba da daɗewa ba kafin nan, 'yan bindiga suka tare hanyar kasuwar Bagwai, suka kashe mutane, cikinsu har da Sabiru. Tun daga nan ake ta raɗe-raɗin cewa suna da jirgi marar matuƙi da ke leƙa gidaje, kuma akwai mai ba su labari daga cikin gari. Ɗanliti, wan Sabiru, shi ne shugaban 'yan sa-kai, kuma tun ranar jana'iza ba a sake ganin haƙorinsa ba.

Da azahar rana ta doki ledar madarar. Masu dawowa daga gona suka hango ƙyalli a kan soro, da jan ido a gabansa. Kafin a idar da salla magana ta zaga gari.

Ikrima yana kan keken ɗinki 'yan sa-kai suka shigo. Ɗanliti ya shaƙe wuyan rigarsa ya fizgo shi, keken ya kife, suka ja shi a ƙasa har ƙofar gida.

"Wa ya ba ka wancan?"

"Ni na yi shi, Yaya Ɗanliti. Takarda ce."

"Takarda ce ke kunna wuta?"

Gorar farko ta sauka a gadon bayansa. Ta biyu ta fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Ya ɗaga hannun dama don ya kare kansa, wani ya kai masa ƙotar fartanya, ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Yana ta cewa a hau a duba. Ba wanda ya yarda ya hau. Wasu sun ce in an taɓa zai fashe, wasu sun ce yana ɗaukar hoton duk wanda ya matso.

"Munafuki! Da shayin Sabiru ka girma, ka sayar da shi!"

Aka tattaka shi, aka cika masa baki da ƙasa. Wani ya mirgino tsohuwar tayar babur ya rataya masa a wuya. Wani ya zuƙo fetur a gorar ruwa, ya kwarara masa daga ka har ƙirji. Ana neman ashana.

Hure ta fito da wuƙar yanka kuɓewa a hannu, don da ita ihu ya same ta. Ta kutsa tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana tuna musu rigunan sallar da ya ɗinka musu. Wani ya hankaɗe ta, bakinta ya bugi bango, leɓe ya tsage. Ta tashi. Ta shiga gida, ta taka tsani, ta rungumo kumbon.

Da ta fito da shi, taron ya dare. Har Ɗanliti sai da ya ja da baya. Ta dire shi a tsakiyar fili, kusa da ƙaninta.

Ikrima ya buɗe ido ɗaya. "Yaya, akwai ƙofa ta ƙasa, a hankali..."

Ba ta saurare shi ba. Ta caka wuƙar a hanci, ta ja har wutsiya. Ta sa hannu biyu ta ɓare shi kamar kabewa, batirin ya faɗo, jan ƙwan ya mutu.

"To ku duba! Ku zo ku duba, matsorata!"

Aka matso. A ciki akwai ɗakuna jere, kowanne da 'yar tabarmarsa ta takarda. Akwai rumbu mai hula, da rijiya da gugan zare, da gona mai kunyoyi da aka shuka da ƙwayar gero ta gaske. Ga wata mace kusa da murhu. A bakin wani ɗan masallaci kuma ga ɗan mutum kamar yatsa, da koriyar hula a karkace, yana ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi daga nesa.

Mutum ɗaya ne a garin yake zuba shayi haka: Sabiru.

Ɗanliti ya durƙusa. Ya ɗauko shi da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

"Dabara ce kawai," in ji wani da ya samo ashana daga baya, ya zaro tsinke.

Ɗanliti ya juya ya kwaɗa masa mari, ashanar ta watse a ƙasa. Da kansa ya cire tayar daga wuyan Ikrima, ya yi jifa da ita, ya ce a kawo ruwa da sabulu, a kawo babur. Mutane suka fara zamewa, kowa yana ɓoye gorarsa a bayansa.

Hure ta yage gefen mayafinta ta ɗaure wa ƙaninta goshi. Hannun kuwa ba ta iya taɓa shi ba, ya kumbura, yatsun sun juya. Aka ɗora shi a babur, ta hau bayansa ta riƙe shi.

Ɗanliti ya matso, ya miƙo ɗan mutumin takardar, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ikrima ya dube shi, ya tofar da ƙasa da jini.

"Riƙe shi. Butar ba ta gama bushewa ba, kar ka matse."

Babur ya tashi. A filin, awaki sun riga sun taru a kan kumbon, suna lasar sitaci.