Kwabo na Talatin da Ɗaya

"Duk jihar Ohio, ni kaɗai na haɗa talatin da ɗayan nan cif," in ji maƙwabcina Orval, yana kwance, robar iska a hanci. "Yanzu kuma an yi mini musanya."

Kwabban tagulla ne da wani gidan mai yake bayarwa kyauta a 1968 in ka cika tanki, kowanne da hoton tsohuwar mota. Talatin ɗin kowa ya samu. Na ƙarshen kuwa kaɗan aka buga, don mutane su yi ta shan mai. Orval ya sha.

Ya miƙo mini kwabon. "Kai da ka yi jami'a, duba. Gefensa sumul. Sauran duk suna da zane."

Shekara hamsin kwabon yana rataye a allo bayan gilashi. Sai da Orval ya rasa abin yi ban da mutuwa ya ciro shi.

"Nas ɗin nan ce, Shanice," in ji shi. "Ita ta musanya. Na ga yadda take kallon bango. Gobe zan kai ƙararta ofishinsu."

"Agogo take kallo, tsoho," in ji matarsa Lorene. "Wa zai zauna da kai bai kalli agogo ba?"

Ta yi maganar ba ta dubi kwabon ba. Na bi ta kicin na tsare ta da ido.

"Ƙanena ya ƙera shi a masana'antarsu," in ji ta. "Mutumin nan har jihar Indiana yake tuƙi neman kwabo, ni ina gida da jarirai biyu. Na ba mai zuba mai a gidan man ya miƙa masa a matsayin na gaske."

"To ki gaya masa mana."

"In ce masa bai taɓa haɗawa ba? Yanzu?"

Ta goge hannu, ta koma ɗaki wajen Orval.

"Ka ƙyale yarinyar mutane. Ni na sayar da na gasken, tun shekarar da muka sake rufin gida."

"Da ma na sani!" Ya yi tari. "Ya yi tsada?"

"Sosai."

Ya gyaɗa kai, ya juya bango. Kwana tara ya ƙara a duniya, bai sake ce wa Lorene uffan ba. Shanice ce take ba shi ruwa. Amma ya samu ƙarfin buga wa 'yan'uwansa waya ɗaya bayan ɗaya, yana kai musu ƙararta.

Ranar jana'izarsa a coci, Lorene ta zauna ita kaɗai a bencin gaba.

Da yamma na hango ta ta taga. Ta mayar da kwabon gurbinsa, ta hura wa gilashin iska, ta goge da bakin rigarta.